Ba a Ba Kura Ajiyar Nama: Kyamara da Majalisun Jihohin Amurka

A watan Oktoba na shekara ta 2019, wata tashar talabijin mai suna California Channel ta rufe ƙofa bayan shekaru 28 tana aiki. Ba ta nuna ƙwallo, ba ta nuna fim. Tun daga 1991 babbar sana'arta ita ce ta ɗauko zaman majalisar dokokin jihar Kalifoniya daga birnin Sakaramento ta kai shi har cikin gidajen jama'a, daga buɗewa zuwa tashi, ba yanke, ba sharhi. Kamfanonin talabijin na kebul, wato masu kai tashoshi gidaje ta waya ana biyansu wata-wata, su ne suke ɗaukar nauyinta, su ne kuma suka janye hannu. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: tun da masu zaɓe sun amince a 2016 da wata doka wadda ta tilasta wa majalisa ta riƙa ɗaukar hoton zamanta tana sakawa a intanet cikin awa 24, to tashar ba ta da sauran amfani. Da wannan magana jiha mai mutane kusan miliyon 39 ta rasa tashar da ke nuna mata wakillanta 120.

Wannan hujja ta "ai akwai intanet" ta cancanci a tona cikinta, domin ba a Kalifoniya kaɗai aka kafa ta ba. A fuska tana kama da ci gaban zamani, a ciki kuwa koma baya ce tsantsa. Abin da take nufi shi ne a sallami ɗan tsakiyar da ke tsaye tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, a danƙa wa ɗan majalisa aikin nuna wa jama'a ɗan majalisa. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan dabara, da suka ce ba a ba kura ajiyar nama.

Abin da ake yankewa a majalisar jiha

Kafin gardama ta yi nisa sai an warware kalma guda. Jiha a Amurka ba irin jihar Maraɗi ko ta Damagaram ba ce, inda gwamna yake wakilin gwamnatin tsakiya. Ta fi kama da jihohin Nijeriya, har ma ta fi su iko nesa ba kusa ba. Kowace ɗaya daga cikin jihohi 50 tana da kundin tsarin mulkinta, da zaɓaɓɓen gwamnanta, da kotun ƙolinta, da majalisar dokokinta. In ban da Nebraska mai zaure guda, kowace majalisa zaure biyu gare ta, na wakillai da na dattawa. A dunƙule zaure 99 ke nan, da ƴan majalisa sama da 7,300. Gyara na 10 da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a ba gwamnatin tarayya ba, kuma ikon nan ba ƙarami ba ne.

Malamin makaranta zai fi kowa gane nauyinsa. A mafi yawan shekaru, abin da gwamnatin tarayya ke zubawa cikin kuɗin makarantun firamare da na sakandare kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai. Saura daga jiha yake fitowa da ƙananan hukumomi. Jiha ce ke faɗin wanda ya cancanci takardar izinin koyarwa, ita ke shata abin da yaro zai sani a kowane aji, ita ke faɗin ko ƙungiyar malamai tana da ƴancin zama da hukuma a kan albashi. Mafi yawan ƴan kaso suna tsare a gidajen kason jihohi. Jiha ce ke cewa ana hukuncin kisa cikin iyakarta ko ba a yi, ita ke tsara yadda ake jefa ƙuri'a, a wurare da yawa kuma majalisarta ce ke yanka mazaɓu. Majalisar tarayya da ke birnin Washinton, wadda duniya ke zuba wa ido, dokoki ɗaruruwa kaɗan take gamawa cikin shekara biyu, alhali majalisun jihohi suna fitar da dubbai a kowace shekara.

Sai dai kash, inda iko ya fi taɓa talaka nan ne ido ya fi ƙaranci. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙidaya cewa tsakanin 2003 da 2014, ƴan jaridar da jaridu ke ajiyewa dindindin a majalisun jihohi sun ragu da kashi 35 cikin 100. Jaridun da kasuwa ta ƙi sun fara da rufe ofisoshinsu na babban birnin jiha, domin labarin kwamitin kasafin kuɗi ba ya sayar da takarda. A cikin wannan yanayi ne ake neman a ce tashar da ke zaune a zaure tun safe har dare ta zama kayan da aka gama da su.

Yadda kyamara ta shiga zaure

Asalin wannan irin talabijin daga tarayya yake. Ranar 19 ga watan Maris na shekara ta 1979, tashar C-SPAN, wadda Brian Lamb ya kafa, ta fara watsa zaman majalisar wakillan Amurka kai tsaye. Al Gore, lokacin yana matashin ɗan majalisa, shi ne ya fara magana a gaban kyamara. Majalisar dattawa ta yi ta jan ƙafa har zuwa watan Yuni na 1986. Ƙa'idar tashar mai sauƙi ce: shugaban zaure yana buga ƴar gudumarsa a buɗe zama, yana sake bugawa a tashi, duk abin da ya faru tsakanin bugu biyun nan a nuna shi yadda yake. C-SPAN ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Kamfanonin kebul ne ke ba ta ƴan kwabbai a kan kowane gida a wata, abin da bai kai sefa 50 ba.

Daga nan jihohi suka ɗauki darasi, kowace da nata salo. A jihar Washinton ta arewa maso yamma, wadda ba ta haɗa komi da birnin Washinton ba sai suna, Denny Heck da Stan Marshburn suka kafa TVW. Abin da ta fara nunawa a watan Afrilu na 1995 shi ne shari'ar hukuncin kisa a gaban kotun ƙolin jihar. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, tana juya kyamarorinta da hannunta, tana nuna majalisa da kotu da ɓangaren gwamna baki ɗaya, har tana shirya wa malamai darussan sanin haƙƙin ɗan ƙasa daga hotunan da ta ɗauka. A Alaska abin ya zama tilas: babban birnin jihar, Juno, babu hanyar mota da ke kai mutum cikinsa, sai jirgin sama ko na ruwa, tun tsakiyar shekarun 1990 talabijin ne ke haɗa mutumin ƙauye da majalisarsa. Mishigan ta samu MGTV a 1996, Konetikat ta samu CT-N a 1999, Wiskonsin ta samu WisconsinEye a 2007. Waɗansu kamfanonin kebul ke ciyar da su, waɗansu kasafin jiha, waɗansu gudummuwar masu hali. A nan ne ƙarfinsu da rauninsu suke, kamar yadda za a gani.

Masu cewa ba mai kallo

Zargi na farko da ake yi wa waɗannan tashoshi shi ne ba mai kallonsu. Akwai gaskiya a ciki. Ba mutum mai aiki da zai zauna awa shida yana kallon kwamitin sufuri na muhawara a kan gyaran gada. To amma wanda ya auna tashar majalisa da mudun da ake auna tashar fim ya yi kuskuren mudu. Littafin rajistar haihuwa da ke ofishin magajin gari ba mai karanta shi don nishaɗi. Yana iya shekara goma ƙura na cinsa. Ranar da yaro zai shiga jarrabawa aka ce shekarunsa sun wuce, ko ranar da gado ya rikice, ranar ce ake sanin darajarsa. Wanda ya ce a ƙone shi don ba ya da masu karatu, ko dai bai san amfaninsa ba, ko kuwa akwai shafin da yake so ya ɓace.

Abin da ya faru a Teksas daren 25 ga watan Yuni na 2013 ya isa misali. Majalisar dattawan jihar tana zama na musamman wanda doka ta ce zai ƙare da ƙarfe 12 na dare daidai. Wata ƴar majalisa, Wendy Davis, ta miƙe ta yi magana kusan awa 11 don ta cinye lokaci, kada a kai ga ƙuri'a a kan wani ƙudurin doka na taƙaita zubar da ciki. Ko mai karatu yana goyon bayan ƙudurin ko yana ƙinsa, wannan wata magana ce dabam. Abin lura shi ne an yi ƙuri'ar cikin hayaniya bayan 12 ta gota. Shafin majalisa na intanet ya fara nuna kwanan wata 26, daga baya sai aka ga ya koma 25. To amma kafar labarai ta Texas Tribune tana watsa hoton zauren a YouTube, mutane sama da 180,000 suna kallo, da yawa kuma sun riga sun ɗauki hoton shafin kafin a sauya shi. Wajen ƙarfe 3 na asuba shugaban zauren, David Dewhurst, ya amsa cewa lokaci ya ƙure, ƙudurin ya faɗi. An sake kiran wani zama aka zartar da dokar a watan Yuli, ta hanyar da ƙa'ida ta yarda. Kyamarar da ta ɗauki hoton nan ta majalisa ce. Abin da ya hana a murɗe gaskiya shi ne hoton ya riga ya fita daga hannun majalisa, ya shiga hannun waɗanda ba ta da iko a kansu.

A Wiskonsin kuwa malaman makaranta ne abin ya shafa kai tsaye. A 2011 gwamna Scott Walker ya kawo ƙudurin da ya karɓe wa mafi yawan ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati ƴancin ciniki da hukuma a kan sharuɗɗan aiki. Sanatoci 14 na adawa suka tsallaka zuwa jihar Ilinoi don kada zaure ya cika. Ranar 9 ga watan Maris aka kira wani kwamiti da sanarwar da ba ta kai awa biyu ba, aka yi ƙuri'a cikin ƴan mintoci, jagoran adawa Peter Barca yana ɗaga murya cewa an taka dokar buɗaɗɗen zama. WisconsinEye tana wurin. Maganar ta je kotu. Alƙalin farko ta soke dokar, kotun ƙolin jiha ta maido ta a watan Yuni da rinjayen alƙali 4 a kan 3. An yi ta saɓani a kan fassarar doka, amma ba wanda ya iya gardama a kan abin da aka yi cikin ɗakin, domin gani ya kori ji.

Bugu da ƙari, masu kallon yau da kullum, ko da kaɗan ne, ba kowa da kowa ba ne. Ɗan jaridar ƙaramin gari da ba ya da kuɗin tafiya babban birni, lauya mai neman sanin manufar masu doka, shugaban ƙungiyar iyayen yara, malamin da ke koyar da tarihi: su ne ke kallo, su ne kuma ke kai abin da suka gani ga dubban da ba su kalla ba. In an rufe rijiya don masu jan ruwa kaɗan ne, ba su kaɗai za su ji ƙishirwa ba.

Wa ke juya kyamara?

Zargi na biyu shi ne na Kalifoniya: majalisa tana ɗaukar kanta, tana sakawa a intanet kyauta, me ya rage? Abin da ya rage shi ne hannun da ke juya kyamara, da hannun da ke kashe ta, da hannun da ke riƙe da makullin ma'ajiya. Tarihin majalisar tarayya da kanta ya amsa wannan tambaya har sau uku, domin tun 1979 kyamarorin zauren wakillai ba na C-SPAN ba ne. Na majalisa ne, shugabanta ke iko da su, kuma bisa al'ada suna kafe a kan mai magana.

A farkon shekarun 1980 Newt Gingrich da abokansa suka gano amfanin wannan kafewa. Sai su jira a gama aikin rana kowa ya watse, su hau mumbari suna ƙalubalantar abokan hamayya da suna; mai kallo a gida ya ga an yi shiru, ya ɗauka an rasa amsa, bai san kujeru ne wayam ba. A watan Mayu na 1984 shugaban majalisa Tip O'Neill ya ba da umurni ba zato a juya kyamara a nuna zauren da ba kowa. Ya tona asirin abokan hamayyarsa, gaskiya ne, amma ya tona wani asirin da ya fi: gaskiyar da jama'a ke gani tana hannun mutum guda, ya buɗe ta ranar da ta yi masa daɗi. A watan Yuni na 2016, bayan kisan mutane 49 a Orlando, ƴan jam'iyyar Dimokurat ƙarƙashin John Lewis suka zauna dirshan a ƙasan zaure suna neman ƙuri'a a kan dokar bindiga. Shugabannin masu rinjaye suka ɗage zama, kyamarori suka mutu. C-SPAN ta koma nuna hotunan da ƴan majalisa ke aikowa ta wayar salula. Amsar majalisa a watan Janairu na 2017 ita ce ta sa tarar dalar Amurka 500 ga wanda ya ɗauki hoto a zaure karon farko, 2,500 in ya sake. A watan Janairu na 2023 kuwa, da aka yi zagaye 15 kafin a zaɓi Kevin McCarthy shugaba, an bar C-SPAN ta shigo da nata kyamarori. A cikin kwanakin nan Amurkawa suka ga raɗa da lallashi da ciniki a tsakanin kujeru, har suka ga an riƙe wani ɗan majalisa da ya yunƙura kan ɗan'uwansa. Da aka gama zaɓe aka maido da kyamarar gida.

In haka take a majalisar da duniya ke kallo, ina ga zauren jiha da ba ɗan jarida ko goma? Konetikat ta nuna amsa. Tashar CT-N kuɗinta daga majalisa yake, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ke tafiyar da ita tun 1999. A 2017 shugabannin majalisa suka zaftare kasafinta, suka kuma nemi ta taƙaita nuna ayyukan ɓangaren gwamna da na kotu, ta mayar da hankali kan majalisa. A watan Nuwamba ƙungiyar ta ajiye aikin tana cewa an taɓa ƴancinta na zaɓar abin da za ta nuna. Ofishin majalisa ya karɓi tashar, sai a 2018 aka sasanta. A Mishigan kuwa an rufe MGTV a farkon 2013, aka maye gurbinta da shafin intanet da gwamnatin jiha ke gudanarwa. A duk inda aka yi wannan sauyi, hoton ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Abin da ke ɓacewa shi ne mutumin da zai ce yau kwamitin da shugabanni ba su so a gani shi za a nuna, taron manema labarai na ƴan adawa shi ma za a nuna. Kuma hoton awa dubu da aka jibge a shafin hukuma ba jagora, ba fihirisa mai kyau, ɓoyo ne a bainar jama'a. Shi ya sa a 2024 wata kafar labarai mai zaman kanta, CalMatters, ta buɗe dandalin Digital Democracy don a iya binciken abin da ƴan majalisar Kalifoniya suka faɗa da yadda suka yi ƙuri'a. Da hujjar 2019 gaskiya ce, da ba a buƙaci wannan wahala ba.

Masu cewa wasan kwaikwayo ne

Akwai zargi na uku, wanda ya fi sauran hankali. Masu shi suna cewa kyamara ta ɓata majalisa: ɗan siyasa ya daina magana da abokin aikinsa, ya koma magana da gilashi, shawara ta gaskiya kuwa ta gudu zuwa taron sirri na jam'iyya, inda ba kyamara. Ba za a musa ba. Amma labarin 1984 ya riga ya nuna cewa wasan kwaikwayo yana bunƙasa ne a gaban kyamarar da aka ɗaure wa wuya. Maganinsa kyamara mai ƴancin waiwaye. Game da taron sirri kuwa, ya girmi talabijin nesa. Abin da kyamara ta ƙara shi ne, duk abin da aka ƙulla a ɓoye dole a fito fili a zartar da shi. In aka kawo ƙudurin shafi ɗari uku da tsakar dare aka zartar ba wanda ya ce uffan, shirun nan ma shaida ce, kuma an ɗauke ta. Dokar Kalifoniya ta 2016 ɗin nan ta haɗa da sharaɗin a buga kowane ƙuduri awa 72 kafin ƙuri'ar ƙarshe, domin mutane sun gaji da irin wannan aikin dare. Don ɓarawo ya koma bayan kasuwa ba a kashe fitilar cikin kasuwa. Ƙarin fitila ake kaiwa baya.

Zanen aro

Da laifin ya tsaya kan ƴan majalisa da kamfanoni da da sauƙi. Masu ƙaunar waɗannan tashoshi su ma suna da nasu kaso, domin shekara da shekaru sun yarda haƙƙin jama'a ya rataya a kan alherin wani. Kamfanonin kebul ba don tsoron Allah suka ciyar da tashoshin nan ba. Ƴan majalisa ne ke tsara dokokin kasuwarsu, kuma tashar majalisa hanya ce ta samun fada. Muddin gidaje kusan miliyon 100 suna biyan kuɗin talabijin, kamar yadda yake a farkon shekarun 2010, kyautar ba ta yi wa kowa nauyi ba. Da miliyoyin gidaje suka yanke waya suka koma kallo ta intanet, kyauta ta zama kaya. Zanen aro ba ya rufe katara. Wadda ta dogara da masu hali ma ba ta tsira ba: a watan Disamba na 2025 WisconsinEye ta dakatar da aiki saboda rashin kuɗi. Wadda ta dogara da kasafin shekara-shekara kuwa, Konetikat ta nuna makomarta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ke nan shaidar da ake buƙata tana tsakanin rami biyu, bara a gefe guda, bauta a ɗayan. Hanyar fita ba sabon abu ba ce a dokar Amurka. Dokar kebul ta 1984 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar har kashi 5 cikin 100 na cinikin kamfani, da damar neman a keɓe tashoshi don jama'a da ilimi da hukuma, saboda wayoyin kamfani a titunan jama'a suke bi. Wannan haya ce, ba sadaka ba. Wayoyin da ke kai intanet a yau su ma cikin ƙasar jama'a aka bizne su. Abin da hankali ke kira gare shi shi ne doka ta ware wa tashar majalisa kuɗi tabbatacce na shekaru masu yawa, wanda shugaban zaure ba zai iya taɓawa ba ranar da ransa ya ɓaci. A ɗora tashar a hannun hukumar amintattu wadda ƴan majalisa ba su da rinjaye a cikinta. A rubuta cikin doka cewa ma'aikatan tashar ne ke juya kyamara, kuma ba ta mutuwa don an ɗage zama matuƙar akwai ƴan majalisa a zaure. A haɗa da kwamitoci da kotu da ɓangaren gwamna. A ajiye kwafin kowane hoto a ɗakin karatu na jami'a ko gidan adana tarihi, inda kowa zai duba kyauta. Ko ta waya hoton ya zo ko ta intanet, wannan batun bututu ne. Masu hujjar 2019 sun mayar da gardama kan bututu don kada a tambaye su wa ke riƙe da bakin rijiya.

Kuɗin duk wannan, ƴan miliyoyin dalar Amurka a shekara, bai kai ɗigo ba cikin kasafin jihar da ke kashe biliyoyi. Saboda haka duk gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗin shaida mai zaman kansa, alhali tana da kuɗin ofishin yaɗa labaranta, ta riga ta faɗi abin da take so a gani da abin da ba ta so. Malamai da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda aikinsu shi ne riƙe wa al'umma abin da za ta tuna, su ya fi cancanta su gane girman asarar: muryoyin uwayen da suka zo gaban kwamiti suna roƙon a gyara makarantar ƴaƴansu, da amsar da aka ba su, da hannuwan da suka tashi lokacin ƙuri'a, duk tarihi ne wanda ba littafin da zai rubuta shi. A daren Teksas an sauya kwanan wata a gaban mutane 180,000, aka kuma tilasta amsa gaskiya kafin gari ya waye. A zauren da majalisa ce kaɗai ke da kyamara, ita kaɗai ke da kwafi, ranar da aka sake sauya shi ba wanda zai sani balle ya nemi a gyara.